Me waƙa ke tsinana wa wanda yaƙi ya ɗaiɗaita?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, ina ɗan taɓa rubuta waƙa. An kashe ƙanena a wani hari, kuma tun daga ranar in na ɗauki biro ba abin da ke fita sai zancensa. Aminiyata ta ce yi wa wahalar mutane ado da baitoci rashin tausayi ne, kuma ita ba ta taɓa jin waƙar da ta tare harsashi ba. Shin waƙa na da wani amfani a lokacin yaƙi? Yaya kuma zan sa kyakkyawan fata a ciki ba tare da na yaudari kaina ba?

Amsa: Allah ya jiƙan ƙanenki, ya ba ku haƙurin rashinsa.

'Yar'uwa, aminiyarki ta yi gaskiya a rabin maganarta, kuma gara mu sallama mata wannan rabin tun da wuri. Waƙa ba ta tare harsashi, masu yin ta ma sun fi kowa sanin haka. Wilfred Owen, wanda da wuya a yi zancen waƙoƙin Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a fara da shi ba, an harbe shi a Faransa ranar 4 ga Nuwamba 1918, saura mako guda cif a tsagaita wuta, yana ɗan shekara 25. Waƙoƙinsa biyar kacal aka buga yana raye, ba kuma janar ɗin da ya sauya shawara saboda su. Sha'irin Najeriya Christopher Okigbo kuwa, da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a 1967, ajiye alƙalami ya yi ya ɗauki bindiga a ɓangaren Biyafara, ya mutu a fagen daga kusa da Nsukka tun a watannin farko.

Ko Zuhairu bin Abi Sulma, tsohon sha'irin Larabawa da ake yawan kawo doguwar waƙarsa, wato mu'allaƙarsa, a matsayin waƙar sulhu, ba shi ya kashe wutar yaƙin Dahis da Gabra'u tsakanin ƙabilun Absu da Zubyana ba. Wasu dattawa biyu ne, Harimu bin Sinan da Harisu bin Aufu, suka ɗauki nauyin diyyar waɗanda aka kashe daga dukiyarsu, an ruwaito raƙuma 3,000 ne. Raƙuman nan su suka tsayar da yaƙin. Abin da Zuhairu ya yi shi ne ya ɗauke yabo daga kan jarumin da ya fi kowa kisa, ya kai shi ga wanda ya biya aka daina, a cikin al'ummar da take ganin ɗaukar fansa shi ne mutunci. Ya kuma tuna musu cewa yaƙi ba wani abu ba ne illa wanda suka sani suka ɗanɗana, in suka tayar da shi zai niƙe su yadda dutsen niƙa ke yi. Wannan aiki ne babba, sai dai ba a ganin sakamakonsa a ranar.

Abin da na fi ba muhimmanci a aikin waƙa shi ne ƙwato mutum daga hannun lissafi. Yaƙi da adadi yake magana: an kashe kaza, an jikkata kaza, kaza sun tsere. A ranar farko ta gumurzun Somme, 1 ga Yuli 1916, sojojin Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu. Ki karanta adadin nan sau goma, kanki zai ɗauka amma ƙirjinki ba zai motsa ba, don zuciya ba ta san yadda ake kukan mutum 19,000 ba. Owen sai ya ware mutum ɗaya. A waƙarsa ta iskar guba, sojoji na komawa baya a gajiye, a duƙe kamar tsofaffin mabarata, wasu takalmansu sun ɓace suna takawa da jini. Sai aka yi ihun guba. Kowa ya yi maza ya zura abin rufe fuska, ban da mutum ɗaya da ya makara. Owen na hango shi ta gilashin nasa da ya yi hazo, yana ta fafutuka kamar mai nutsewa a koren ruwa. Suka jefa shi cikin amalanke suna biye, duk inda aka yi gargada sai jini ya taso masa daga huhun da ya riga ya lalace. Sai a nan sha'irin ya juyo kan masu zuga yara daga gida, ya ce da sun ga wannan da ba su ƙara maimaita tsohuwar ƙaryar nan ba, wai mutuwa don ƙasa abu ne mai daɗi. Ki lura da jerin: bai yanke hukunci ba sai da ya sa kin taka bayan amalanken tukuna.

Hansa'u, sha'irar Larabawa, ma haka ta yi da ɗan'uwanta Sakhru, ƙarnoni da dama kafin Owen. Maza nawa suka mutu a hare-haren ƙabilun Larabawa a zamaninta? Ba wanda ya sani. Amma Sakhru har yau ana kiran sunansa, saboda 'yar'uwarsa ta ce fitowar rana na tuna mata da shi, haka ma kowace faɗuwarta. Masu sharhi suka ce da hantsi ake fita hari, da maraice ake karɓar baƙi, wato a ɗango biyu ta ba mu jarumtarsa da karamcinsa ba tare da ta ambaci ko ɗaya ba. Ƙanenki a labarai yana cikin "mutum kaza". Ke kaɗai kika san yadda yake dariya da abin da yake yi in ya ji kunya, kuma in ba ki faɗa ba, ba mai faɗa.

Sai batun kari da amsa-amo, waɗanda aminiyarki ta ɗauka ado ne. Baƙin ciki in ya sauka ba shi da farko ba shi da ƙarshe, yana cika ko'ina, mutum ya rasa ta inda zai kama shi. Kari da amsa-amo kamar gammo suke: ba sa rage wa kaya nauyi ko kaɗan, amma suna sa kai ya iya ɗauka a yi tafiya. Lokacin da kike neman kalmar da za ta rufe baiti, dole ki tsaya ki dubi abin da ya faru, ki zaɓi wannan ki bar wancan. A wannan ɗan lokacin ke ce ke juya abin, ba shi ke juya ki ba.

Ban san shaidar da ta fi ta Miklos Radnoti ƙarfi a kan wannan ba. Bayahude ne ɗan Hangari, aka kai shi sansanin aikin dole kusa da Bor a Sabiya a 1944. Da sojojin Rasha suka matso, aka tasa ƙeyarsu a ƙasa zuwa yamma. A watan Nuwamba, da ya kasa tafiya, aka harbe shi tare da wasu 21 aka binne su a rami ɗaya. A 1946 da aka tono ramin, sai ga ɗan littafin rubutu a aljihun rigarsa, a shafin farko ya rubuta roƙo da harsuna biyar cewa wanda ya tsinta ya kai wa wani abokinsa malami a Budapest. Wasu waƙoƙin da ke ciki a kan karin tsofaffin Girkawa da Rumawa ya gina su, mai tsananin ƙa'ida. A ɗaya yana cewa cikin duhu yake rubutu, yana laluben layi bayan layi da yatsa, don masu gadi sun ƙwace fitila da littattafai. Ta ƙarshe tana ɗauke da kwanan wata 31 ga Oktoba 1944, tana ba da labarin abokin tafiya da aka harba a ƙeya, shi kuma yana raɗa wa kansa cewa haka zai ƙare. Mutumin da yunwa ta ci, ƙafafunsa sun fashe, me ya kai shi ƙirga gaɓoɓi? A ganina nan ne kaɗai wurin da ya rage inda shi ke yanke hukunci ba mai bindiga ba.

Karin nan yana da wani amfani na zahiri da ake mantawa: shi ke sa magana ta zauna a ka. Anna Akhmatova, sha'irar Rasha, ta yi wata 17 tana bin layi a ƙofar kurkukun Leningrad saboda ɗanta da aka kama a zamanin Stalin. Wata rana wata mata a layin, leɓunanta sun yi shuɗi don sanyi, ta raɗa mata: za ki iya siffanta wannan? Ta ce zan iya. Amma ajiye rubutun a gida na iya jawo kisa. Sai ta riƙa rubuta baitocin a guntuwar takarda ta miƙa wa aminiyarta Lidiya Chukovskaya, tana ɗaga murya tana zancen yanayin gari saboda masu saurare a ɓoye. Aminiyar ta haddace, ta miƙo takardar, a ƙyasta ashana a ƙone. A kawunan mutane ƙalilan waƙar ta zauna shekara da shekaru, ba a buga ta ba sai 1963 a Jamus, a ƙasarta kuwa sai 1987. Rahoton jarida ba zai rayu haka ba. Dalilin nan ne ya sa Nana Asma'u ta zuba tarihin hijira da yaƙe-yaƙen zamaninta cikin baitoci, jajoji, wato matan da ta horar su koyar, suka haddace suka kai wa matan da ba su taɓa riƙe takarda ba.

Duk da haka kada ki yi watsi da tsoron aminiyarki, don manyan masana sun rigaye ta. Theodor Adorno, masanin falsafa Bajamushe, ya rubuta a 1949 cewa yin waƙa bayan Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, dabbanci ne. A 1966 ya sassauta, ya ce wahala na da haƙƙin a furta ta kamar yadda wanda ake azabtarwa ke da haƙƙin ihu. Tsakanin maganganun biyu akwai haɗari na gaske. Paul Celan, wanda iyayensa suka mutu a hannun 'yan Nazi, ya yi waƙa a kan sansanonin kisa wadda daɗin sautinta ya sa aka riƙa koyar da ita a makarantun Jamus ana yaba tsarinta. Daga baya ya daina karanta ta a taro, waƙoƙinsa suka riƙa gajarcewa suna kakkaryewa, kamar mai gudun kada a ji daɗinsu. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina mai sauƙi ne. In mai sauraro ya tashi yana cewa "kai, yarinyar nan ta iya zuba magana" amma bai tafi da komai game da mamacin ba, to waƙar ta yi amfani da gawa ta tallata mai ita. Duk baitin da kika ji kina alfahari da shi fiye da kima, ki sake duba shi.

Akwai kuma abin da ya fi ado muni, wanda ba ku ambata ba ke da ita. Waƙa ba waliyyiya ba ce. Abin da ya sa take shiga zuciya ta zauna shi ne ya sa take iya kai mutum ga kisa. Radovan Karadzic, jagoran Sabiyawan Bosniya, likitan ƙwaƙwalwa ne kuma sha'iri mai littattafai a kasuwa. A 2016 kotun duniya ta same shi da laifin kisan ƙare dangi a Srebrenica, inda aka kashe maza da yara maza kusan 8,000 a 1995, a 2019 aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya yi ta sanya waƙoƙin Simon Bikindi a 1994 ana tsaka da yanka mutane. Kotun Arusha ta ɗaure shi shekara 15 a 2008, kodayake a kan wani kira da ya yi da lasifika aka kama shi, ba a kan waƙoƙin kansu ba. Zuga da marsiyya da kayan aiki ɗaya ake yin su. Bambancin da nake gani shi ne zuga tana goge fuskar abokin gaba ta mayar da shi "su", marsiyya ta gaskiya kuwa tana ƙara fuskoki. Owen na da waƙar da soja ya gamu da wanda ya kashe a lahira, mamacin ya kira shi aboki. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi waƙar murnar nasarar Tafkin Kwatto a 1804, amma a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati dai za ki ga kukansa kan abokan da suka faɗi a Tsuntsuwa da Alwasa, sannan ga baitocin da ya yi lokacin da ya bar runduna ya nufi gabas har ya tsaya a Kano, yana ƙorafin cewa nagartattu sun tafi sun bar shi cikin masu neman mulki da tara dukiya. Wanda ya yi yaƙin da hannunsa ke nan.

Ba ina ce miki kada ki yi fushi a waƙa ba. Fushinki halal ne, kuma waƙar da aka tace fushi daga cikinta ƙarya ce. Ki ambaci abin da aka yi, ki kira shi da sunansa. Amma in baitinki ya fara la'antar ƙabila sukutum ko jinsin mutane, ki sani wani zai iya rera shi a kan hanyarsa ta zuwa kashe ƙanen wata.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ta fi wuya. Yawancin waƙoƙin da ake kawo min a kan tashin hankali tafiyarsu ɗaya: baiti ashirin na jini da hawaye, sai a baitin ƙarshe a liƙa "bayan wuya sai daɗi" ko "zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki", a sa hannu. Karin maganar ba ta yi laifi ba, amma ba daga cikin waƙar ta tsiro ba, kuma wanda aka yi wa rashi yana jin wurin ɗinkin. Ki duba yadda waɗanda suka sha wuyar suke yi. Sha'irar Japan Sadako Kurihara tana Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, ranar da aka jefa wa garin bam ɗin nukiliya. Waƙarta da ta fi shahara a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani rusasshen gini take, da dare, ba ko kyandir, an cika da masu ƙuna da warin jini. Sai naƙuda ta kama wata mata. Daga cikin masu nishi wata ta ce ni ungozoma ce, bari in karɓa. Aka haihu, ungozomar kuma ba ta kai asuba ba. Ba inda aka ce komai zai yi daidai. Fatan yana cikin abin da mace ɗaya ta yi da sauran ƙarfinta.

Mahmud Darwish, sha'irin Falasɗinu, lokacin da aka yi wa Ramallah ƙawanya a 2002, ya ce suna yin abin da fursunoni da marasa aiki ke yi, wato rainon fata, abin da ake ciyarwa kullum don kada ya mutu. Rifa'at Al-Ar'ir, malamin adabi da aka kashe a Gaza ranar 6 ga Disamba 2023, ya bar waƙar da ke cewa in ya zama dole ya mutu, to mai sauraro ya rayu ya ba da labarinsa, ya sayar da kayansa ya sayi farin ƙyalle da zare, ya haɗa abin wasan nan da iska ke ɗagawa sama, don wani maraya ya ɗaga kai ya gani. Hansa'u kuwa, abin da ta ce ya hana ta hallaka kanta shi ne yawan masu kukan 'yan'uwansu a kewaye da ita, duk da ta ƙara da cewa ba wanda ya rasa irin nata. A duk waɗannan ba alkawari, sai ɗan aiki da aka yi ko aka ba wani, ko kuma sanin cewa ba ke kaɗai ba ce.

In imaninki ne madogararki, ki sa shi, don ba liƙi ba ne in dai daga zuciya ya fito. Amma ki ga yadda Nana Asma'u ta yi a marsiyyar aminiyarta A'isha: sai da ta faɗi kaɗaicinta da zubar hawayenta ƙarara, ta kafa hujja da cewa Annabi (SAW) bai hana hawayen tausayi ba, kururuwa ya hana, sannan ta kai ga addu'a. Tawakkalin da ya biyo bayan kuka daban yake da wanda aka sa don a toshe bakin mai kuka.

Ta fuskar aiki, kada ki fara da "yaƙi" ko "zalunci", sun yi wa baiti girma. Ki fara da abu ɗaya nasa: takalmin da ya bari a bakin ƙofa, saƙon ƙarshe da ya turo, aikin da ya ce zai ƙarasa gobe. Tsawo ba dole ba ne. Matan Pashtun na Afganistan sun daɗe suna zuba yaƙi da rashi cikin waƙa mai ɗango biyu, gaɓa 22 kacal. Ki rera abin da kika rubuta da murya, don kunne na kama ƙaryar da ido ya tsallake. Kafin ki fitar da ita ga jama'a, ki nuna wa mahaifanki ko wanda rashin ya shafa kamar ke, musamman in akwai suna ko yadda aka same shi, tunda ba ke kaɗai ke da mamacin ba. Wata waƙar ma ta aljihu ce, ba ta fita.

Abu na ƙarshe ya shafi lafiyarki. Owen ya yi mafi yawan ci gabansa a waƙa ne a asibitin Craiglockhart da ke Edinburgh a 1917, inda aka kwantar da shi saboda firgicin fagen daga, kuma likitansa Arthur Brock ne ya ƙarfafa masa gwiwar rubutu a matsayin wani ɓangare na jinya. A 1986 James Pennebaker a Amurka ya sa ɗalibai rubuta abin da ya fi ƙona musu rai na minti 15 a kwana huɗu a jere, aka ga sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo baya. Binciken da aka yi ta maimaitawa daga baya ya nuna amfanin yana nan amma ɗan kaɗan ne, kuma ba kowa yake yi wa ba. Celan, da duk baiwarsa, ya hallaka kansa a kogin Seine a 1970. Saboda haka in kin ga watanni na wucewa barci ya ƙaurace miki, ranar na dawo miki kamar yanzu take faruwa, ko rubutun na barin ki cikin halin da ya fi na da muni, ki ajiye biron na ɗan lokaci, ki gaya wa wani babba da kika yarda da shi, ku je ku ga likitan da ya san lalurar damuwa.